Hoton ƙasa mai kama da zane: a ƙawata, amma a faɗi sunan wurin

 Yau maganar hoto muka kawo muku. Mun san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da kuɗin lakkol ɗin yara, wa ke ta hoto? Ku ɗan yi mana haƙuri. Maganar tana taɓa gona, tana taɓa ambaliya, tana kuma taɓa yadda duniya ke kallon ƙasar nan.

Duk mai riƙe da waya ya lura da wani salo da matasanmu masu ɗaukar hoto suka shigo da shi a Facebook da Instagram da WhatsApp. Za ka ga hoton daji amma ba ka iya ƙirga itatuwan, sun narke sun zama layi-layi kamar an ja fenti a jikin bango. Za ka ga hoton tafki, ruwa da sama sun haɗe, ba ka san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Za ka ga gonaki daga sama sun koma kamar tabarma. Masu kallo kuwa sun rabu gida biyu. Wasu na cewa, "Malam, hannunka ya yi rawa, sake ɗauka." Wasu na cewa, "Masha Allah, kamar ba Nijar ba!"

Mu dai ga inda muka tsaya. Salon nan sana'a ce, yana da kyau, muna maraba da shi. Sharaɗinmu guda ne: duk wanda ya mayar da ƙasarmu zane, to ya rubuta a ƙasan hoton inda ya ɗauka, da lokacin da ya ɗauka, da abin da ya taɓa a ciki. Kalmar nan ta "kamar ba Nijar ba", da ake faɗi a matsayin yabo, ita ce ma ta sa muka ga dole a yi maganar.

Bari mu fara da masu cewa hannu ne ya yi rawa. Sau da yawa da gangan ake yi. Kyamara tana da wata ƴar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga ta rufe. A hoton da muka saba, ƙiftawar ido ma ta fi ta daɗewa. Idan mai hoto ya bar ƙofar a buɗe rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya, sannan ya ja kyamarar daga ƙasa zuwa sama, sai kututturen giginya su zama dogayen layuka. Idan ya kafa kyamarar wuri guda ya bar ta ta daɗe tana shan haske, ruwa mai gudu sai ya kwanta kamar madara. Wani kuma hoto biyu yake ɗorawa ɗaya kan ɗaya. Wani yana hawa sama, ko ya tura ƙaramin jirgi marar matuƙi, ya kalli ƙasa tsaye, ya fitar da sararin sama daga hoton gaba ɗaya. Da zarar babu sama, ido ba ya gane nisa ko girma, sai launi da siffa kawai suka rage. Wayoyi da yawa na yanzu suna da sashen da ake saita wannan da hannu. Amma sanin yawan hasken da za a bari, da saurin da za a ja hannu, da sa'ar da za a fita, wannan sai an yi ta gwadawa. Mutum na iya ɗaukar ɗari ya zubar da casa'in da tara.

Abin kuma ba yau aka fara shi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu hoto a Turai da Amurka da ke tausasa hotunansu don su yi kama da zanen hannu. A shekarun 1920 wani Ba'amurke, Alfred Stieglitz, ya yi ta ɗaukar gajimare zalla, ba ƙasa ba gida ba mutum. Ernst Haas, ɗan asalin Ostiriya, ya yi suna a shekarun 1950 da hotuna masu launi da motsi ya shafe gefensu. Hiroshi Sugimoto na Japan tun 1980 yake zagaya duniya yana ɗaukar teku, rabi ruwa rabi sama, shi ke nan. To yaronmu na Maraɗi da ya ja kyamara a bakin tafkin Madarunfa hanya ce ya bi wadda manya suka bi kafin a haife shi.

Mu a nan abin da muka fi sabawa da shi hoton mutum ne: na suna, na biki, na Sallah, na katin ɗan ƙasa. Manyan masu hoton yankinmu ma ta nan suka yi fice. Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, marigayi Philippe Koudjina a Yamai, wanda ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970, duk fuskokin mutane suka bar mana. Shi ya sa idan aka nuna wa dattijo hoton da babu fuska, tambayarsa ta farko ita ce, to wa aka ɗauka?

Amma fa idan muka duba da kyau, idonmu ya daɗe da sanin kyan abin da ba ya kwaikwayon komai. Ku shiga unguwar Birni a Damagaram ku kalli zanen da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje. Ku kalli dagi, ku kalli aska takwas a ƙirjin babbar riga, ku kalli ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, da faifan da mata ke saƙawa, da zayyanar da ake yi wa allo idan yaro ya sauke. Babu wanda ya taɓa cewa mai ɗinkin riga hannunsa ya yi rawa don aska takwas ba ta yi kama da askar wanzami ba. Ta ɓangaren addini ma, saɓanin malamai ya fi yawa a kan surar mai rai. Itace da dutse da ruwa ba a cika jayayya a kansu ba. Sannan Allah ya ba mu abin da masu hoton wasu ƙasashe ke nema da kuɗi. Hazon hunturu da kansa yana shafe nesa, ya mayar da rana kamar faifai fari, ya bar gawo tsaye shi kaɗai cikin toka-toka. Duwatsun Damagaram da yamma, albasar Galmi a shanye, jan tattasan Diffa a shimfiɗe, kogin Isa daga saman gadar Kennedy da asuba. Kaya ne jibge, mai ido kawai suke jira.

To ina matsalar take? Ga misali daga Jamus. Akwai wani hoto mai suna Rhein II da Andreas Gursky ya yi a 1999. Kogin Rhein ne a kwance, ciyawa kore sama da ƙasa, sararin sama fari-fari, layuka a jere kamar zanen tuta. A watan Nuwamba 2011 an sayar da shi a New York dala miliyan 4.3, wajen miliyar 2 na kuɗin CFA ke nan a canjin lokacin. A wurin da ya ɗauki hoton akwai ginin masana'anta, akwai masu yawo da karnuka. Da kwamfuta ya goge su duka. Shi bai ɓoye ba, ya faɗa, kuma masu sayen sun sani. Bajamushe da ya ga hoton nan ba zai ruɗe ba, don kogin Rhein yana da hotuna dubbai, yana da taswira, yana da rajistar kowane gini da ke bakinsa. In mutum ɗaya ya goge masana'anta, ba ta ɓace daga tarihi ba.

Mu fa? Ƙauyuka nawa ne a jahar Tawa ko Zinder da idan ka nema a intanet ba za ka samu hotonsu ko ɗaya ba? Idan hoto guda ɗin da ya fita daga wurin shi ne wanda aka goge bukkoki, aka goge matan da ke layi a rijiya, aka ƙara wa ciyawa kore, to wannan hoton shi ne zai zama shaidar wurin. Wanda yake da hoto dubu yana iya wasa da ɗaya. Wanda ɗaya gare shi, sai ya yi hattara da shi.

Baƙi sun riga mu gane cewa ƙasar nan daga sama zane ce. George Steinmetz, Ba'amurke, a ƙarshen shekarun 1990 ya fara shawagi a saman Sahara da wata lema mai inji a baya. Cikin hotunansa da suka zagaya duniya akwai na Tegidda-n-Tesumt, can arewa da Ingal: ɗaruruwan ƙananan ramuka zagayayyu, wani ja, wani rawaya, wani ruwan ƙasa, kamar kwanonin fentin mai zane. Yann Arthus-Bertrand na Faransa shi ma ya sa ayarin raƙuman Tenere a littafinsa na hotunan duniya daga sama, wanda ya fito a 1999. Hotuna ne masu kyau ƙwarai, kuma su masu ɗaukar sun rubuta sunan wurin. Sai dai idan hoton ya bar hannunsu ya shiga yawo daga waya zuwa waya, sunan ne ke fara faɗuwa. Mai kallo sai ya ga launi kawai. Ba zai san cewa kowane rami da hannu aka haƙa shi ba, ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwa, a tace, a zuba a ƙananan ramuka rana ta shanye, a kwashe gishirin a kai wa masu dabbobi. Gumin mutane ne ya fitar da launin nan. In an cire sunan, an cire su.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Edward Burtynsky na Kanada ya shahara da ɗaukar ma'adinai da wuraren da masana'antu suka ɓata, daga sama. A 2016 ya ɗauki yankin Neja Delta a Najeriya, inda ɗanyen mai ya malale cikin ruwa da daji. Hotunan sun fito da baƙi da shuɗi da ruwan zinariya, har mutum ya so ya rataya a falo. An daɗe ana muhawara a kan aikinsa: wasu na cewa kyan ne ke jawo mutum ya tsaya ya tambaya, wasu na cewa kyan yana sa a manta da masuncin da ruwansa ya mutu. Mu ma muna da irin wannan wuri. Mahaƙar uraniyum ta Cominak a Akokan, kusa da Arlit, ta rufe a ƙarshen watan Maris 2021, ta bar tarin sharar ma'adini da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20. Wanda ya ɗauke ta daga sama da hasken yamma zai samu tsaunuka masu santsi da launi mai daɗin kallo. In ya saka hoton ba bayani, mutanen Yamai za su danna alamar so su wuce, alhali akwai iyalai da ke shaƙar iskar da ta biyo ta kan tarin nan.

Kada a ce hoton sama kullum ɓoye gaskiya yake. Akwai lokacin da shi ne ya wanke manomanmu a idon duniya. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, labarin da ake bayarwa a kanmu guda ne: hamada na cinye Nijar, talaka ya sare itatuwa. A nan jahar Maraɗi, tun 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya tare da manoma suka soma abin da muke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Shekaru suka wuce ba wanda ya lura a waje. Sai da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka ɗauko tsofaffin hotunan sama suka jera da sababbi. Na ƙauyen Galma a jahar Tawa ya yi suna: hoton 1975 fili ne fari da ɗigo-ɗigon itace jefi-jefi, na 2003 kuwa ɗigon ya cika ko'ina. Daga irin wannan aiki aka ƙiyasta kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da manoma suka raya, akasari a jahohin Maraɗi da Zinder. Idan ka kalli hotunan Galma ɗin nan ba bayani, baƙaƙen ɗigo ne a kan farin fili, kamar zanen ƙwarya. Abin da ya mayar da su hujja abu biyu ne: sunan ƙauyen da shekarar. Da wanda ya ɗauki na 1975 bai rubuta ba, da yau ba mu da bakin magana.

Haka rabin wata da tassa da ake haƙawa a fako a yankin Keita da Illela da sauran Adar. Daga sama kamar ɓawon kifi suke, a jere, wallahi gwanin sha'awa. Muna so matasanmu su ɗauke su, su ƙawata su iya iyawarsu. Amma a rubuta: ƙauye kaza, wata kaza, shekara kaza, mutanen gari suka haƙa. Bayan shekara goma wani zai koma ya ɗauka, a gani ko fakon ya farfaɗo ko kuwa aikin ya tashi a banza.

Mun ji abin da wasu masu hoton ke cewa a fada wajen shan shayi, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Suna cewa su ba ƴan jarida ba ne. Mai waƙa ba a tambayarsa shaidar abin da ya rera, don me za a tambayi mai hoto? Kuma in ka cika bayani, ka hana mai kallo ya yi nasa tunanin. Amsarmu ita ce, waƙa kowa ya san waƙa ce, zane kowa ya san hannu ne ya yi shi. Hoto kuwa har gobe mutanenmu shaida suke ɗaukarsa. "Na gani a hoto" tana kashe gardama a majalisa. Kuma hotonka ba a ɗakin baje koli na Paris zai tsaya ba, inda mai shiga ya san wurin fasaha ya shigo. A waya zai sauka, tsakanin sanarwar rasuwa da farashin buhun masara. Layi ɗaya a ƙasansa bai rage masa kyau ba. Sugimoto da kansa, da tekunsa da babu komai a ciki, kowane hoto yana ɗauke da sunan tekun da wurin da shekarar.

Ku tuna damanar 2024. Ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, a Damagaram tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. A irin wannan lokaci hoto ne ke sa ɗan uwa da ke Libiya ko Legas ko Abijan ya turo kuɗi, hoto ne ke sa a san unguwar da za a fara kai wa ɗauki. A irin lokacin ne kuma hotuna ke yawo ba suna ba kwanan wata, na wata ƙasa a ce na nan ne, na bara a ce na jiya ne. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, mutum na zaune a ɗaki zai haɗa maka tafkin da babu shi a doron ƙasa. Idan masu hoton gaskiya ba su bambanta kansu ba, ranar na zuwa da za a nuna ambaliya ta gaske mutane su ce haɗi ne. Wannan asara ta fi ƙarfin mai hoto shi kaɗai, ta kowa ce.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma ba kuɗi zai ci ba. Na farko, suna da lokaci: "Tabalak, Janairu, da hantsi." Idan wurin akwai matsalar tsaro ko mutanen ba su so a bayyana ƙauyensu, a faɗi yankin kawai. Na biyu, a faɗi abin da aka yi wa hoton da kalmomi kaɗan: na ja kyamara, na haɗa hoto biyu, na ƙara launi, na goge turakun lantarki. Babu abin kunya a ciki, ai gwaninta ce kake nunawa. Na uku, a ajiye hoton asali wanda ba a taɓa ba, ko da ba za a saka shi ba. Wata rana shi za a nema. Na huɗu, gona da rijiya da ramin gishiri suna da masu su. A yi sallama, a nemi izini, in hoton ya kawo kuɗi a tuna da su. Mai son tayar da jirgi marar matuƙi kuma ya fara neman izinin hukuma, halin da ake ciki ba na wasa ba ne. Mu masu turawa gaba, namu aikin shi ne kada mu yanke sunan mai hoto da bayaninsa.

Ga iyaye da yayye kuma, idan kun ga yaro ya tashi da asuba ya nufi bakin gulbi da waya, ya dawo da hoton da ba ku gane ba, kada ku yi saurin cewa zaman banza ne. Ku tambaye shi me ya gani. Tun 1994 ake taron masu hoton Afirka a Bamako, maƙwabtanmu ne, kuma babu abin da zai hana ɗan Tasawa ko ɗiyar Konni su kai aikinsu can. Abin da zai bambanta su da baƙon da ya zo ya yi sati biyu ya koma shi ne sun san sunan kowane tudu, sun san wanda ya haƙa rabin watan, sun san shekarar da gulbi ya ci gonar. Su sa wannan sanin a ƙasan hoton. In mai kallo ya ce masha Allah, ya san Nijar ce yake yabo, ya kuma san wane gari.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fari. Sai mun ji daga gare ku.